Sirdi Mai Durƙuso

Duk wanda ya san ƙauyen nan da ke bayan Mahuta ya san gangaren masallacin Juma'a, ya kuma san abin da ya sami Abdussamad a kansa. In ma baƙo ne bai sani ba, kafin ya gama shan ruwan baƙunta wani zai ba shi labarin, har da kwaikwayo.

Abdussamad gajere ne, wannan babu gardama. Manomin masara da tumatir ne, magidanci mai kamun kai, ba ya shiga abin da babu ruwansa. Kekensa tsohon baƙin keke ne da ya gada a wajen mahaifinsa. Ya sauke sirdin har ƙarshe ya ɗaure tam, amma duk da haka in zai tsaya sai ya nemi dutse ko ɗan tudu ya ɗora ƙafa. Babu wanda abin ya dama sai mutum ɗaya, Murtala ɗan Gwaggo Hansai, taubashinsa. Shi Murtala dogo ne kamar an ja shi, ga baki, ga son a yi dariya ko a kan wa za ta ƙare.

Wata Juma'a a farkon damina, jama'a na cikin masallaci, Murtala ya tsaya a baya da sifana a aljihu, ya kwance sirdin keken Abdussamad, ya ja shi sama iya tsawon sandarsa, ya ɗaure. Da aka sallame, Abdussamad ya fito yana gaisawa da mutane, idonsa na kan masu gaisuwa, ya tura keke ya yi irin tsallen da ya saba. Sai ya ji shi a sama. Ƙafafunsa suka nemi feda suka rasa, keke kuma ya kama gangare, birkin nan dama sai da taimakon ƙafa yake ci. Haka ya bi gangaren nan ƙafafu na reto, babbar riga na tashi, gari guda na kallo, har sai da kwalbatin da ke ƙasa ya tare shi. Tsintsiyar hannunsa ta dama ta karye. Tun kafin a ɗaga shi aka ji muryar Murtala daga sama yana cewa, "Ku taimaki Reto, jama'a, ku taimaki Reto."

Da aka ɗora hannun, Gwaggo Hansai ta zo dubiya da kunu, ta zauna bakin tabarma ta kashe maganar tun ba a tayar da ita ba.

"Wasan taubashi ne, ɗan nan. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Ni da ubanka ciki ɗaya muka hito. In abin ya yi maka ciwo, ka rama da wasa, haka muka taras ana yi."

Kuma a yi wa Murtala adalci, bai bar gonar ta lalace ba. Shi ya tara gayya aka yi noman farko. Sai dai tun daga bakin gona har aka tashi, waƙar da ya fitar ake amshi, gonar Reto, masarar Reto. Taimakon nan ya fi karayar ciwo a wajen Abdussamad.

Hannu ya warke kafin masara ta yi goyo. Suna ne ya ƙi warkewa. Hausawa suka ce suna linzami ne, to wannan linzamin wani ne ya sa masa, kuma kowa na ja. Direban da ke kwasar tumatir zuwa Danja ya zo yana tambayar gidan Malam Abdussamad, aka yi ta kallon juna, sai da wani ya ce, "Au, Reto kake nuhi?" Matarsa Nana Aisha ta koma matar Reto a gidan biki da wajen niƙa. Ranar sunan ɗansa na ƙarshe, maroƙi ya buɗe baki a ƙofar gidansa, a kan tabarmarsa, ya yi wa jaririn addu'a da ɗan Malam Reto. Abdussamad ya yi murmushi don mutane, amma ranar ko naman suna bai iya haɗiyewa ba. Sunan da mahaifinsa ya yanka masa rago ya raɗa masa, wani ya shafe shi da sifana. Ya tsani Murtala, tsana ta gaske, irin wadda mutum ke tashi da ita ya yi alwala da ita. Abin da yake so ɗaya ne: Murtala ya faɗi a gangaren nan, a gaban mutanen nan, har bakin gari ya koma kansa. Kuma dole ya zama wasa, yadda ko Gwaggo Hansai ba za ta sami abin cewa ba.

Bayan an yi girbi ya kai masara Funtua. Yana yawo a layin masu kekunan gwanjo, ba don saye ba, sai ya ga wani mutum a kan keke mai kaurin taya yana yin wani abu da ya tsayar da shi. Mutumin yana zaune a sama kamar kowa, sai ya danna wani ɗan ƙarfe da babban yatsa, sirdi ya nutse da shi har ƙafafunsa biyu suka dafa ƙasa. Ya miƙe, ya sake dannawa, sirdin ya taso da kansa, tas, ya koma inda yake.

Mai keken sunansa Saviour, Bahaushe ne Kirista daga wajen Malumfashi, yana da rumfa a layin. Ya ga yadda Abdussamad ya saki baki, ya yi dariya.

"Malam, matso ka gani, ba tsahi ba ne. Keken hawa dutse ne. Wannan sandar sirdin Turawa na ce mata durofa. Ni raƙumi nike ce mata, don durƙusa maka take ka hau. In za ka hau tudu sai ka bar ta sama, ƙafa ta miƙe ka samu ƙarhi. In za ka gangara sai ka danna, ka zauna mata ta sauka, nauyinka ya koma ƙasa da baya, keke ba ya jefa ka ta gaba. In za ka tsaya ma haka."

"To mi ke tura ta sama?"

"Iska ce a ciki. Wayar nan da ta taho daga madanni ita ke buɗe ta. In da nauyi a kanta ta sauka, in babu ta tashi. Shi ke nan."

In babu nauyi ta tashi. Abdussamad ya tsaya yana duban sirdin nan. Ya ce a sake yi ya gani. Saviour ya danne sirdin, ya ja da baya, ya taɓa madanni, sirdi ya harbo sama da ƙara. Abdussamad ya ce zai saya.

Saviour mutum ne mai son sana'arsa. Ya shiga cikin rumfa ya fito da sanduna uku da ya cire daga kekunan da suka zo a lalace, ya jera su a kan buhu. Ya ce abu na farko kauri, dole ta shiga bututun keken daidai, ba a dukanta da guduma, ba a kuma cusa gwangwani a cike giɓi. Duk ukun sun shiga. Abu na biyu nisan tafiyarta, daga durƙuso zuwa tsayuwa. Ya sa Abdussamad ya hau, ya ɗora dunduniya a feda, ya duba inda ƙafar ta miƙe, sannan ya ɗauki mafi gajarta ya miƙa masa.

"Wannan ce taka. In ta tashi duka, daidai ƙafarka za ta tsaya."

Abdussamad ya nuna doguwar. "Waccan fa?"

"Waccan ta dogaye ce, Malam. In ta tashi duka, ko feda ba za ka taɓa ba. Sai dai ka riƙa tare ta a tsakiya da jikinka, ka saki madanni. Wahala ce kawai. Kuma wanda ya yi amfani da ita ya cika mata iska, harbi take kamar jaki. In ma ita kake so sai na rage."

"Ita nike so. Kuma kada ka rage komi."

Saviour ya dube shi sama da ƙasa. Ya mayar da gajerar kan buhu, don mai saye ya fi mai sayarwa sanin abin da ya kawo shi kasuwa. Ya ɗaura doguwar, ya ja wayar ta bi jikin keke, ya kafa madannin a ƙarƙashin hannun hagu. Ya ce a riƙa goge sandar da tsumma in an dawo daga gona don kada ƙasa ta cinye ta, kada a ɗaga keken ta sirdi in yana durƙushe, kuma in za a ajiye a bar shi a tsaye. Abdussamad ya ce to ga duka, ya bar kuɗin masararsa da tsohon kekensa a Funtua.

Bai shiga gari da shi ta babbar hanya ba. Ya bi ta gonaki, ya sa shi a ɗakin ajiyar hatsi. Da hantsi, in mutane sun watse, sai ya fita da shi bayan dutsen da ke yamma da gari, inda babu kowa sai awaki. Ya sha faɗuwa, sirdin ya sha bugunsa, har wata rana ya dawo yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya. Amma a hankali yatsa ya saba, jiki ya gane inda zai tare sandar. Sai ga wani abu da bai zata ba. Ya gangaro daga kan dutsen, sirdi a ƙasa, ya ja birki ya tsaya, ƙafafunsa biyu suka sauka a ƙasa shar, babu neman dutse, babu neman tudu. Tun da yake hawan keke bai taɓa jin haka ba. Ya daɗe a tsaye a wurin, daɗi ya cika shi har ya ji kunyar kansa.

Nana Aisha ta lura. Ta ce, "Malam, tunda Allah ya ba ka abin da ya yi maka daidai, ka hau abinka ka bar Murtala da halinshi. Kwana biyun nan har ƙiba ka yi."

"Ke har yanzu mi ake ce maki a wajen niƙa?"

Ta kau da kai ta ci gaba da aikinta.

"To."

Ya san taubashinsa kamar yunwar cikinsa. Ya san Murtala ba zai ga sabon abu a hannunsa ya ƙyale ba, don haƙƙin taubashi ne ya ɗauka ba tare da tambaya ba, hula ce ko takalmi ko keke. Ya kuma san duk mai keke a ƙasar nan, in ya tunkari taro, babban yatsansa na dama da kansa yake zuwa kan ƙararrawa, Murtala kuwa ko akuya ya gani sai ya kaɗa mata. Don haka ya cire ƙararrawar da ta zo da keken ya jefa a tukunya. Ya kwance madannin daga hagu, ya dawo da shi sama a hannun dama, daidai gurbinta. Ya goge shi har yana ƙyalli.

Juma'ar da ya zaɓa an cika, don kaka ce, kowa na gida, har masu rake sun jera a ƙasan gangare. Ya zo da wuri, ya danne sirdin har ƙarshe, ya jingina keken a jikin dalbejiyar ƙofar masallaci inda makaho ma sai ya yi tuntuɓe da shi. Huɗubar ranar a kan haƙuri aka yi ta, bai ji ko kalma ɗaya ba.

Da aka fito, mutane suka kewaye keken suna taɓa taya. Murtala ya ratso su, kansa ya fi na kowa.

"Kai, na wane ne wanga?"

"Na Reto ne," in ji wani.

"Bawana, ashe ka yi arziki ba ka gaya wa ubangijinka ba." Ya dafa sirdin da ke can ƙasa, ya duba jama'a. "Ku duba inda ya aje sirdi, sai ka ce kujerar tsakar gida. Na ɗanka ne ko naka?"

Aka yi dariya. Abdussamad ya sunkuyar da kai ya ce, "Don Allah Murtala ka bar shi, sabo ne, ban gama saninshi ba." Ya san babu abin da zai tura Murtala kan keken kamar wannan roƙon.

Murtala ya naɗe riga ya haye. Da ya zauna gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, aka sake fashewa da dariya, sai ya miƙe tsaye a kan feda, ya tura. Keken mai sauƙi ne, ya ɗauki gangare kamar an harba shi. Yana tsaye, sirdi na can ƙasa a tsakanin ƙafafunsa, babu nauyin komai a kansa. Ya saki hannun hagu yana ɗaga wa mutane. Can ƙasa masu rake da masu saye sun tare rabin hanya. Abdussamad bai kalli fuskarsa ba, bai kalli taya ba, babban yatsan nan kawai yake kallo. Ya ga ya ɗaga, ya lalubo, ya danna.

Har daga sama an ji ƙarar. Sirdi ya harbo ya same shi inda ba a faɗa, ya tura shi gaba, hannunsa ɗaya ya damƙe birki da ƙarfin tsoro, tayar gaba ta kafe, ta baya ta tashi. Dogon nan ya bi ta saman kan keke ya sauka da fuska a bakin kwalbati, rake ya watse ko'ina.

Sannan wani tsoho ya ce, "Reto ya rama!" Sai gari ya ɗauka. Masu gudu zuwa taimako ma suna gudu suna dariya.

Kada a yi wa Abdussamad ƙarya, bai ji tausayi ba. Daɗi ya ji, tun daga tafin ƙafa har ƙeya, wani sanyi ya sauka a inda wuta ta daɗe tana ci. Ya gangara a hankali, ya ɗaga kekensa, ya duba taya, ya share sandar da gefen riga. Murtala na zaune a ƙasa an riƙe shi, baki duk jini, haƙoran gaba sun tafi, kafaɗa ta goce. Abdussamad ya ce, yadda kowa zai ji, "Sannu taubashi. Na ce maka ban gama saninshi ba." Ya danna, ya zauna, ya hau gangaren a gaban kowa.

Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Gwaggo Hansai da kanta, da aka kai mata labari, ta yi salati ta ce wanda ya fara ai shi ya ja. Abdussamad ya zauna yana jiran sunan da gari zai laƙaba wa Murtala. Shi da kansa ya tanadi biyu ko uku, ya jefa a majalisa, babu wanda ya kama. Faɗuwar dogo ba labari ba ce, kowa na faɗuwa. Labarin shi ne gajeren da ya yi shiru damina da kaka yana dafa dutse, ya je har Funtua ya sayo ramuwa. Ranar kasuwar Dandume an ba da shi a rumfar masu shayi. Direbobin Danja suka kai shi gaba. Samari suka fara zuwa a kan babura daga ƙauyukan da bai taɓa takawa ba, su tsaya a bakin gari su ce a nuna musu gidan Reto mai keke, suna so su ga sirdin. Da can ƙauye ɗaya ne ya san sunan.

Da kumburin Murtala ya saɓe, Nana Aisha ta dama kunu ta ce ya kamata ya je dubiya, ko don Gwaggo. Ya tafi da kwanon a hannu, yana tura keken da ɗayan. A hanya ya shirya amsoshi, don ya san bakin Murtala ko babu haƙori sai ya yi yanka, kuma in ya faɗa a ransa gaskiya, yana ɗokin a yi.

Ya same shi a zaure, kafaɗa a ɗaure, ya rame. Ya ajiye kwanon ya ce, "Bawana, an ce yanzu sai abu mai ruwa-ruwa, shi ya sa na kawo maka."

Murtala bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya gyara zama, ya ja tabarma ya nuna masa wuri, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa.

"Sannu da zuwa, Malam Abdussamad. Ya iyali? An gode da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri."

Tun suna yara suna kiwon awaki tare, Murtala bai taɓa kiransa da cikakken sunansa ba, balle da Malam. Abdussamad ya jira ƙarshen maganar, inda cizon yake ɓoye. Babu. Ya sake jefa wata, a kan rake da kwalbati. Murtala ya ce, "Haka ne. Allah ya kiyaye gaba." Ya tambaye shi farashin masara, ya tambayi jikin jariri, ya sake godiya. Da Abdussamad ya miƙe, ya raka shi har ƙofa da ladabi, ya wuce keken da ke jingine a bango bai ko dube shi ba.

"A gaida gida, Malam Abdussamad."

Ya sami sunansa, a bakin da ya fi so ya ji shi, amma ya san taubashinsa ba zai ƙara yi masa wasa ba har abada. Abin ya soke shi fiye da yadda ya zata, ya tsaya a ƙofar gidan yana neman fushin da zai riƙe, bai samu ba. A bakin hanya wasu samari biyu a kan babur suka rage gudu, suka dubi keken, suka dube shi, na bayan ya ce don Allah ko shi ne Reto. Ya ce shi ne. Suka ce ya ɗan danna su gani, ya danna musu.